Ruwan Zafin Malama Hanifa

Sayen gishiri ne ya fito da Malama Hanifa a yammacin nan. Gobe ɗalibanta za su yi gwajin raba yashi da gishiri da garin ƙarfe, ita kuwa ba ta tsayawa gaban yara da abin da ba ta gwada da hannunta ba. Ta saya a shagon Agatha, nan bakin titin Tudun Wada.

"Malama, makaranta kuma yanzu? An kusa kiran magariba fa," in ji Agatha.

"Minti goma ne."

Ɗakin gwaje-gwajen yana can ƙarshen makaranta, bayansa wata tsohuwar kwata ce da ba ta taɓa bushewa ba. Hanifa ta cakuɗa kayan. Maganaɗisu ya kwashe ƙarfen, takardar tacewa ta riƙe yashin, ruwan gishirin ya tafasa a kan risho. Sai aka kira salla. Garin sauri ta ɗauki ragowar ruwan yana tururi ta watsa ta taga, ko bisimilla babu. Tun tana yarinya ake hana ta zuba ruwan zafi da magariba, amma boko ya sa ta ɗauka zancen tsofaffi ne.

Wani abu ya yi 'yar ƙara a kwatar, kamar ɗan kyanwa da aka taka.

Sai wari ya shigo. Ƙaurin gashi, haɗe da ɗoyin naman da ya kwana uku.

Ƙofa ba ta motsa ba, amma ga mace tsaye a bakin teburi. Gajeriya ce, jiƙe sharkaf da baƙin ruwa, tsutsotsi na zubowa daga zaninta. Ta dire ƙwarya cike da laka.

"Kullum ina jin ki ta taga," ta ce cikin raɗa. "Kin ce duk abin da ya cakuɗe yana rabuwa. Fatar bayan ɗana ce kika saɓule, ta faɗa laka. Raba mini. In kin kasa, in ɗauki taki."

Hanifa ta kai maganaɗisu, bai kama komai ba. Takardar tacewa ta narke. Dole ta tura hannun dama.

Lakar da ɗumi. Tana motsi.

Hanifa ta taɓo wani abu mai yauƙi, ta ɗago, ya tsinke a yatsunta.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ban sani ba."

"Kin sani."

Sanyayyun yatsu suka damƙe wuyan hannunta. Ta ji ana jan fatar a hankali, kamar ana cire safa.

Da ƙyar bakinta ya kama Ayatul Kursiyyu. Ta fizge da dukkan ƙarfinta, ta yi waje ba takalmi, ba ta tsaya ba sai shagon Agatha.

Agatha ta haska hannun da waya. Fata tana nan, ko ƙwarzane babu. Amma Agatha ta toshe hanci.

"Malama, me kika taɓa?"

An wanke da sabulun salo, da toka, da lemun tsami. An sha rubutu. Warin bai fita ba. Hanifa tana nan tana koyarwa, sai dai yara sun daina rububin bencin gaba. Shekara uku ke nan da cokali take cin tuwo, a ƙwaryarta ita kaɗai, domin ko 'yarta ta cikinta ba ta iya karɓar loma daga hannun nan.