Ruwan da Raudatu Ta Hana Inna

"A sake ɗaga bikin? Raudatu, me na yi miki?"

Kamilu na tsaye a zauren gidan su Raudatu, yayyafi ya jiƙa masa kafaɗun riga. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta cusa hannuwanta cikin hijabi don kada ya ga yadda omo ya cinye mata yatsu.

"Ba ka yi mini komai ba, Yaya Kamilu."

"To wani ne ya fito? Faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka."

"Wallahi babu kowa! Kai ma ka sani..."

"Ban san komai ba, rabin raina. Na gama ɗaki, na yi fenti, ke kuma kullum sai ki ce in jira."

Daga cikin gida wata siririyar murya ta taso. "'Yar nan... ƙishi nake ji."

Raudatu ta waiga cikin gida. Ta ce masa sai da safe, ta shige da sauri ba ta ko waiwayo ba.

Inna, mahaifiyarta, a da ita ce mai ƙuli-ƙulin da duk ƙauyen ke yabon tsaftarta. Tun bayan rasuwar Baba rikicewar tsufa ta kama ta. Ta fara da manta inda ta ajiye ludayi, ta koma manta sunayen 'ya'yanta, yanzu har hanyar bayi ta ɓace mata. Kullum aka wayi gari shimfiɗarta a jiƙe take sharkaf. Kamaruddeen, yayan Raudatu, yana can Kano yana leburanci, sai dai ya kira a waya. Ita kaɗai ce.

Kafin a kira assalatu take wanke Inna da ruwan ɗumi, ta wanke zannuwa, ta ja katifa bayan rumbu inda idon maƙwabta ba zai kai ba. Ta rantse babu wanda zai ji wannan sirri na uwarta, ko da Kamilu ne.

Sai damina ta sauka. Katifa ta daina bushewa, zarni ya kama ɗakin, bayan Inna ya fara saɓulewa. A nan ne dabara ta faɗo mata: da zarar an yi azahar sai ta ɗauke moɗa, ta rufe randa, ta ɗora mata dutsen niƙa.

Dabarar ta yi aiki. Shimfiɗa ta fara kwana a bushe.

"'Yar nan, ɗan ruwa..."

"Ya ƙare, Inna. Sai gobe."

"To, Allah ya kai mu," in ji tsohuwar, ta lashi leɓenta ta kwanta.

Wannan "to" ɗin ita ke hana Raudatu barci. Da ma Inna ta yi faɗa, da ma ta zage ta!

Washegarin rigimarsu da Kamilu, ta taɓa Inna ta ji jikinta zafi rau. Ta kira ta, idon ya buɗe da ƙyar, leɓen duk ya tsage.

"Inna! Inna, ki yi mini magana!"

Ta lalubo waya ta kira Kamilu. Ba a jima ba Kamilu ya iso da motar abokinsa, suka nufi asibiti a Bagwai cikin taɓo.

Bayan an ɗaura wa Inna ƙarin ruwa, ma'aikaciyar jinya ta dubi Raudatu. "Jikinta ya bushe ƙwarai, ga ciwon mafitsara ya shiga. Ƙin shan ruwa take yi ne?"

Raudatu ta miƙe tsaye. Ta fice baranda ta durƙushe, kuka ya ƙwace mata. Kamilu ya biyo ta ya tsuguna nesa kaɗan.

"Ki yi haƙuri, za ta tashi in sha Allahu."

"Ni ce, Yaya Kamilu! Ba ƙi take yi ba, roƙona take yi, ni nake hana ta! Fitsarin kwance take yi, na gaji da wanki, na rufe randa... Matar da ta shayar da ni! Ka je ka nemi wata, wallahi ban cancanci a aure ni ba."

Kamilu ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Raudatu, na san da maganar fitsarin."

Ta ɗago a firgice.

"Hanyar gonarmu ta bayan gidanku ta bi. Kullum ina hango katifar ta kan danga. Na ce in na yi magana za ki ji kunya, sai na yi shiru, na zo ina damun ki da zancen fenti. Kina ta fama ke kaɗai ina kallo. In akwai laifi, da nawa a ciki."

"Kai ba ka hana ta ruwa ba..."

"Ban kuma kama miki ba. Ki bar ni in kama yanzu, abar ƙaunata. Inna uwata ce."

Kafin a sallame su ma'aikaciyar ta zaunar da Raudatu, ba tare da faɗa ba. Ta ce a ba Inna ruwa sosai da rana, sai dab da barci a rage. A kai ta bayi kafin ta kwanta, a sake tashin ta sau ɗaya cikin dare, a ajiye fo kusa da gado, a bar fitila a kunne. Ta nuna mata famfas na manya da man da za a riƙa shafa mata a baya.

Kamilu tela ne. A ranar ya sayo leda mai kauri ya ɗinka wa katifar riga, ya yanka tsofaffin atamfofi ya yi shimfiɗu masu saurin bushewa. Kamaruddeen ya zo daga Kano, ya ga ƙanwarsa ta rame, ya kasa haɗa ido da ita. Shi ya ɗauki nauyin famfas. Wasu dararen har yanzu shimfiɗa na jiƙewa, amma sai a zare ta sama kawai a sa wata.

Da kaka aka ɗaura aure, bayan Kamilu ya ƙara ɗaki a jikin nasu, ya ce na Inna ne.

Daren da za a kai ta, Raudatu ta bar ƙawayenta a tsakar gida, ta shiga wurin Inna da lallenta da lulluɓinta. Ta durƙusa ta kama ƙafafunta.

"Inna, ki yafe mini abin da na yi miki."

Tsohuwar ta ƙura mata ido, tana murmushi irin na wanda ya ga baƙuwa.

"Me kika yi mini, 'yar nan?"

"Na zalunce ki, Inna... Don Allah ki ce kin yafe."

"Ke? Kai, a'a. Ba ke ce mai yi mini wanka ba?" Ta shafa kan amaryar a hankali. "Ban san 'yar wace ce ke ba, amma duk wadda ta haife ki, ta haifi 'ya. Ki gaishe ta."

Raudatu ta kifa fuskarta a cinyar Inna, kafaɗunta na jijjiga. A waje ana ta guɗa, ana kiran amarya ta fito.

"Za ta ji, Inna," ta ce da ƙyar. "Za ta ji."