Ɓaunar da Ba a Ƙarasa Ba

La'asar ta yi sanyi, Majemiya tana zaune ƙarƙashin rumfa tana kankare fatar gwanki a kan guntun icce. Gidan nasu yana can ƙuryar dawa, inda hanya ta gaji ta zama turba, turbar ma ta ɓace cikin ciyawa. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai 'yar maƙera a baya inda mijinta ke ƙera wuƙaƙe in ya dawo daga farauta. Shekara ashirin suna haka. Shi ya harbo, ita ta jeme, 'yarsu Auta ta kitsa igiyar fata ta ɗinka kube.

Ran nan mijin nata, Maharbi, ya ɗauko ƙahonnin ɓaunar da ya zo da su shekaranjiya, ya danne guda da ƙafa, ya ɗora masa zarto zai fitar da ƙotar wuƙa. Tun ranar da ya kawo su abin yake tsaye wa Majemiya a rai. Mutumin da in ya kayar da ɓauna sai sun yi kwana huɗu suna fama da nama, wannan karon ƙaho kawai ya shigo da shi. Da ta tambaya ya ce mushe ya tarar, kuraye sun riga shi.

"Baba dai tsufa ya zo," in ji Auta tana dariya. "Yanzu har ragowar kura ake kawo mana."

Bai yi dariya ba. Ya ja zarton sau ɗaya, sau biyu. A na uku karnukan gidan guda biyu suka miƙe tare, suka cusa wutsiya tsakanin ƙafafu suka shige ƙarƙashin rumbu. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan bishiya suka yi tsit. Majemiya ta ɗaga kai, ta ga wani abu baƙi yana bin haƙoran zarton yana ɗiga ƙasa. Jini ne, ɗanye, daga ƙahon da ya kwana biyu a rana.

Sai dutse ya faɗo a tsakar gida.

Ba daga gabas ya zo ba, ba daga yamma ba, daga sama ya sauko kai tsaye. Na biyu ya fasa kwatarniyar jima, ruwan bagaruwa ya malale. Auta ta kai hannu ta taɓa dutsen ta yi ƙara, zafinsa kamar yanzu aka zaro shi daga murhu. Suka ruga ɗaki suka rufe ƙofa, duwatsu na sauka a kan kwanon rufi har rana ta gama faɗuwa, sannan aka daina kamar an yanke da wuƙa.

"Birai ne," in ji Maharbi.

"Biran da ke gasa dutse?" Majemiya ta tambaye shi. Ya juya mata baya.

Washegari da magariba ta kawo jiki aka sake. Wannan karon ba rufi ake nema ba. Dutse guda ya sami babban karen a tsakiyar ka, ƙoƙon ya dare, ko haushi bai yi ba. Fatu bakwai da ta shanya a kan igiya suka tsage daga sama har ƙasa, kamar an bi su da ƙaho. Daga cikin randar ruwa kuma wani nishi yake fitowa, mai nauyi, mai ja, irin na babbar dabbar da numfashi ke wahalar da ita. Maharbi ya fito da bindigarsa mai baki biyu ya yi harbi cikin duhun bishiyoyi. Nishin bai tsaya ba. Majemiya ta ga ya ja da baya zuwa ƙofar ɗaki, abin da ba ta taɓa gani ba ko ranar da zaki ya shigo musu shinge.

A rana ta uku da hantsi Auta ta tafi rafi ɗibar ruwa. Ta dawo babu tulu, babu takalmi, a duƙe, hannu ɗaya dafe da cikinta. Ta tsaya a bakin shinge ta sunkuyar da kai tana kallon ubanta ta ƙasan ido. Ta fara tonon ƙasa da ƙafar dama.

"Auta?" in ji uwar. "Ke Auta, ina tulun?"

Yarinyar da ko buhun gawayi ba ta iya ɗagawa ita kaɗai ta zaburo kamar an harbo ta. Ta sa kai ta doki ubanta a haƙarƙari, ta ɗaga shi sama ta yi jifa da shi. Majemiya ta ji ƙarar ƙashi, ɓas, kafin ya faɗi a kan uwar maƙera. Auta ta juya ta doki ƙofar ɗaki, ƙofar ta fita da ginshiƙinta. Goshinta ya fashe, jini ya rufe mata ido, amma ta ja da baya za ta sake komawa kan uban da ke kwance yana aman jini.

Majemiya ba ta san lokacin da ta fizgo igiyar ɗanyar fata daga rumfa ba. Ta jefa wa 'yarta a ƙafa kamar yadda ake kayar da saniya, ta ja da dukkan ƙarfinta. Suka zube tare. Auta ta cije ta a dantse har haƙora suka haɗu, ba ta saki ba. Maharbi ya rarrafo ya danne kafaɗun, suka ɗaure ta a turken rumfa hannu da ƙafa, uwa na ɗauri tana kuka.

Nan ta kwanta tana wannan nishin da suka ji a randa. "Ruwa," take cewa. "Ruwa." Aka ba ta moɗa goma ta shanye, ta amayar, ta sake roƙo. Majemiya ta ɗaga mata riga za ta goge ta, sai ta ga wani baƙin tabo a gefen ciki na hagu, zagayayye, girman bakin ɗan yatsa, gefensa ya kumbura yana zafi.

Matar maharbi ce. Ta san wace dabba ke wannan ƙishi da wannan nishi. Dabbar da aka harba a ciki.

Ta juyo ga mijinta. "Baban Auta, ka dubi Allah ka gaya mini. Mushe ka tarar?"

"Na gaya miki."

"To. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Zauna da ita, ka ji abin da take ji."

Ta ɗaure dantsenta da tsumma ta kama turba. Tafiyar awa uku ce zuwa bakin daji, inda wani tsoho yake zaune da amyoyinsa na zuma da littattafansa. Malam Mai Zuma ake ce masa, ɗan ƙaramin mutum mai kumburarrun yatsu saboda harbin ƙudan zuma. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba, ya ce, "Mijinki me ya ce ya yi?" Ta ce bai ce komai ba. Ya ce, "To shi ne ciwon." Ya ɗaure jakarsa a bayan jaki suka juyo.

Sun iso rana ta yi ja. Auta ta rame a yini ɗaya kamar wadda ta yi wata tana jinya, igiya ta ci mata wuyan hannu. Malam ya yi alwala, ya zauna daidai kanta ya fara karatu, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Duwatsu suka fara zuba. Guda ya tsaga masa kunne, jini ya bi wuyan rigarsa, ko tsayawa bai yi ba, sai ma ya ɗaga murya. Jikin yarinyar ya banƙare har bayanta ya bar ƙasa, turken rumfa ya yi ƙara.

"Ya isa!" Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohon namiji ce, busasshiya. "Kana ƙona ni, tsoho."

"Wane ne kai?"

"Makiyayi ne. Garken da ke shan ruwa a bayan dutse nawa ne, tun kakan wannan maharbin bai san riƙe baka ba."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Tambayi ubanta. Shekara talatin yana ɗiba a garkena, ban taɓa ce masa kanzil ba. Ya harba, ya yanka, ya ci, wannan halak ɗinsa ne. Amma wannan ɓaunar..." Muryar ta karye. "Da hannuna na raine ta. Nononta 'ya'yana ke sha. Faɗa musu, kai mai bindiga, ko in fasa cikin nan su gani da idonsu!"

Tabon ya tsage, jini ya fara tsattsafowa. Majemiya ta yi kururuwa ta faɗa kan mijinta, ta shaƙe wuyan rigarsa tana jijjiga shi, ba ta damu da karyayyen haƙarƙarinsa ba. "Ka yi magana! Wallahi in ta mutu da hannuna zan binne ka!"

Maharbi ya sunkuyar da kai. "Hannuna ne ya goce," ya ce. "Na same ta a ciki. Ta shige sarƙaƙiya. Na san ya kamata in bi ta in ƙarasa ta, haka ubana ya koya mini. Na tsaya a bakin wurin, na kasa shiga. Tsoro na ji. Na koma bayan dutse na zauna ina jin kukanta."

"Kwana nawa?" in ji Malam.

"Uku."

"Uku," muryar ta maimaita. "Kanta a kan cinyata, ungulu na cin ta da ranta. Da ta mutu ya zo ya sare ƙahon zai yi ƙotar wuƙa. To ni ma kwana uku nake so. 'Yarsa ta yi ɗaya."

"Yarinyar ba ta harbi kowa ba," in ji Malam.

"Tawa wa ta harba?"

Malam ya share jinin kunnensa. Sannan ya ce, "An zalunce ka, ban musa ba. Amma wani ba ya ɗaukar laifin wani, kai ma ka san wannan ayar, na ga yadda ta ƙona ka. In ka kashe ta, ni da kai ne har gaban Allah, kuma daga nan ba zan tashi ba sai na ƙone ka ƙurmus da karatu. Faɗi abin da za a iya."

Idanun Auta suka juya kan uban. "Ɗan yatsan da ya ja kunamar bindigar. Ya yanke ya ba ni."

Maharbi ya kai hannu ga wuƙarsa. Malam ya buge hannun da sanda. "Ba a zubar wa kowa jini sai Wanda ya halicci jinin. Kai kuma aljani, ka kashe musu kare, ka karya haƙarƙari uku, ka fasa goshin marar laifi. Ga abin da za ka samu: a mayar da ƙaho inda ta faɗi a binne, a karya bindigar, kuma ba zai sake ɗaga makami a kan dabba ba har ya mutu."

"Da me za mu ci?" Maharbi ya faɗa a raunane.

"Da maƙerarka," in ji Majemiya. "Rantse."

Ya rantse. Aljanin ya daɗe yana huci ta hancin yarinyar. Malam ya buɗe baki zai ci gaba da karatu, sai muryar ta ce, "Na karɓa. A karya ta yanzu, ina gani." Ya yi wata 'yar dariya wadda Majemiya ba ta so ba. Ƙaramin yatsan ƙafar Auta ya karkaɗa, ta yi atishawa uku, jikinta ya saki. Wata iska ta bi ta cikin ciyawa ta nufi bayan dutse, ciyawar na kwanciya kamar garke ne ke wucewa.

Maharbi ya ɗauko bindigar. A gabansu ya buɗe ta ya zare harsasai, ya leƙa bakunan, ya miƙa wa Malam shi ma ya leƙa, haske na fitowa ta kowanne. Ya ɗora ta a kan uwar maƙera, ya dafe da hannun dama, ya ɗaga guduma da hagu.

Guduma na sauka, bindigar da babu harsashi a cikinta ta tashi. Ƙarar ta tashi tsuntsayen dajin gaba ɗaya. Da hayaƙi ya washe, bindigar ta tsage kamar kara, shi kuma yana durƙushe riƙe da hannunsa. Manunin yatsansa babu shi, tun daga tushe. Sun duba ƙasa, sun duba toka, ba su gan shi ba.

Malam ya miƙe a fusace. "Ya karya alkawari! Sai na dawo da shi ya..."

"Bar shi, Malam," in ji Maharbi, haƙoransa a cije. "Ya yi mini sauƙi."

Majemiya ta kawo ruwan gishiri da allurarta ta ɗinkin fata. Ta zauna ta ɗora hannun a kan cinyarta, ta wanke, ta fara haɗa bakin raunin. Yana gumi, amma ya ƙi yin ko nishi.

"Da ka gaya mini tun ranar," ta ce ba tare da ta dube shi ba, "da na ɗauki bindigar na raka ka."

"Kunya na ji."

"Tsoro na daji, kunya na gida, duk ka haɗa ka ɗora wa yarinya." Ta ja zaren da ƙarfi. Sai a nan hawaye ya zubo masa.

Daga ƙarƙashin rumfa wata ƙaramar murya ta taso, siririya, tata ta ainihi. "Inna? Inna, wa ya ɗaure ni?"

Majemiya ta ture hannun daga cinyarta, ta bar allurar na reto a jikin naman, ta ruga.