Tsoho Mai Ƙwanƙwasa Tukwane

A wani gari, can da, an yi wata mai sayar da tukwane. Har azahar ba ta yi ciniki ba, ga yara na jiran tuwo.

Sai ga wani tsoho. Ya ƙwanƙwasa tukunya, ya ce, "Wannan mura take yi."

"Ga wata, Baba."

Ya ƙwanƙwasa. "Wannan ta cika surutu."

Ta haɗiye fushinta. "Ga wata, Baba."

Yana ta ƙwanƙwasa, har matan kasuwa suka zaci kiɗan biki ne. Suka taru, suka sha rawa, kowacce ta sayi tukunya.

Can tsoho ya ce, "To, ba ni ɗaya."

"Sun ƙare, Baba. Amma don Allah, gobe ka zo da wuri."