Mai Kwalba Ta Rufe Tafki

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, sanye da dogon takalmin roba da ya yi wa ƙafarta yawa, tana ƙoƙarin cika wata kwalba ba tare da ta tayar da laka ba. Ita kaɗai. Masunta na gefe suna ɗinkin komar kamun kifi, babu wanda ya ce mata ko sannu.

Ya turo kwale-kwalensa kusa da ita.

"Malama, in ruwan sha kike nema, akwai famfo a bayan rumfar can."

"Ba sha zan yi ba," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Lafiyarsa nake dubawa."

"Au, tafkin ne ba lafiya? To a ina za a yi masa allurar?"

Dariya ta kuɓuce mata, har kwalbar ta kusa suɓucewa. Tun da ma'aikatar kula da ruwa ta turo ta garin nan, wannan ce dariyarta ta farko. Ɗaki ɗaya aka ba ta a bayan ofis, da katifa, da firij ɗin da babu komai cikinsa sai kwalabe masu lamba. Danginta na nesa. In ta dawo aiki, ƙarar firij ɗin ce abokiyar hirarta. Mutanen gaɓa ba su damu da sanin sunanta ba, Mai Kwalba kawai suke ce mata.

Shi kuwa auta ne a gidan wani tsohon masunci. Yayyensa duk sun tafi birni, suka bar shi da Baba, da Inna, da ruwa.

Aikinta na bukatar ta shiga tsakiyar tafki duk mako, don haka ya zama matuƙinta. Tafkin faɗi gare shi amma ba zurfi, ko a tsakiya iyakarsa ƙirjin mutum. Takan zura wani faifai mai baƙi da fari a igiya, ta yi ta sassautawa har ya ɓace wa ido, sannan ta auna igiyar. Shi ke tare mata hasken rana da hularsa don ta gani sosai.

"Kyaftin, ƙara matso da hular."

"Ranki ya daɗe, likitar kifi. Hannuna fa ya sage."

"Haka ake zama ma'aikaci."

"Ni dai a biya ni da murmushi, na yafe albashi."

Ta sunkuyar da kai tana kallon igiya cikin kunya. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Kwalbata, yau na mayar da jirgi gaɓa amma zuciyata na can tsakiyar ruwa inda kika zauna. Kin ci abinci kuwa, ko yau ma shayi ne?"

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta rubuta:

"Shayi ne, Kyaftin. Amma yau ɗakin bai yi min faɗi ba. Na gode da kake tambaya."

Haka abin ya yi ta girma a hankali. Sai dai wani abu ma yana girma tare da shi. Kowane mako faifan nan yana ɓacewa da wuri. Ruwan ya fara yin kore, wani kauri kamar an zuba fenti, da wari in rana ta take. Takin gonakin gefe da ƙazantar kwatocin gari duk nan suke gangarowa, ruwa marar zurfi kuwa ba shi da inda zai ɓoye su.

Shugaban ɗakin gwaji, wanda ke zuwa da mota ɗaukar kular kwalabe, ya daɗe yana mata kallon da ya wuce na aiki. Wata rana ya zo fuska a murtuke.

"Gansakukar nan da ta mayar da ruwan kore tana fitar da guba, kuma ta fara shiga kifi. Za a dakatar da kamun kifi. Kada ki faɗa wa kowa sai ma'aikata ta sanar, ko da wannan direban naki na ruwa ne."

Ba za ta iya kallon idon Kyaftin ta yi masa ƙarya ba, ba ta kuma da izinin faɗa masa gaskiya. Sai ta zaɓi shiru. Ta daina ɗaga wayarsa. Rannan yana bakin titi ya gan ta a gaban motar shugaban, za su taron ma'aikata. Da dare saƙonsa ya shigo:

"Na gan ki. Mota ta fi kwale-kwale, wannan ko yaro ya sani. Da dai kin faɗa min da bakinki, Kwalbata. Allah Ya ba ki wanda ya fi ni."

Ta zauna a ƙasa ta jingina da firij, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Da aka sanar da rufe tafkin, nan take ta kira shi. Ta faɗa masa komai. Da ta gama, sai ya ce:

"Wato ba shi kike so ba?"

"Kyaftin, an hana ku sana'arku, kai kuma abin da ya dame ka ke nan?"

"Ki amsa min tukuna, sannan in shiga ɗaya damuwar."

"Kai nake so. Kai kaɗai."

Amma Baba bai ga abin haka ba. Da autan ya kawo masa maganar aure, tsohon ya ajiye allurar ɗinkin koma.

"Yarinyar da ta shiga jirginmu, muka kai ta muka dawo da ita, ashe igiya take auna mana ta shaƙe mu? Ba a gidana ba."

Inna ce ta lallaɓa har ya yarda ta zo ta gaishe shi. Ta durƙusa a tsakar gida, idonta a ƙasa.

"Magana ɗaya ce," Baba ya ce. "Ke kika ce musu ruwan ya lalace. Koma ki ce musu ya gyaru. Ranar da aka buɗe, ranar zan tura a nema masa aurenki."

Kyaftin ya kalle ta, ita ma ta kalle shi. Hawaye ya gangaro mata.

"Baba, ka yi haƙuri. Kifin nan Inna ce za ta fara dafa shi, ku ne za ku fara ci. Ba zan iya ba."

"To tashi ki tafi."

Bayan haka gaɓa ta zama kufai. Jirage a kife, komaye a rataye. In ta wuce, mata su juya mata baya, mai shago ya ce sukari ya ƙare alhali tana hango shi a kanta. Baba ya hana autansa tuƙa ta, ya kulle filafilan tuƙi a ɗakinsa. Ta koma ɗiban ruwa daga gefe, ita kaɗai, kamar farkon zuwanta. Shugaban ɗakin gwaji ya ce ta nemi canjin wurin aiki, shi zai tsaya mata, in ya so su yi wata maganar. Ta yi masa godiya, ta ce tana nan. Saƙon Kyaftin kaɗai ke iske ta:

"Ina hango ki daga bakin rumfa, Kwalbata. Takalminki na hagu ya fara shan ruwa, na lura. Ba zan saɓa wa Baba ba, amma ba zan auri wata ba."

"Na sani, Kyaftin. Kada ka ɓata masa rai saboda ni. Shi ma rashi ya yi."

Sai aka yi wasu kwanaki na zafi da hadari, iska ta tsaya cak. Wata safiya gari ya waye, tafki ya yi fari. Kifi ne, manya da ƙanana, duk sun juyo ciki sama, iskar da suke shaƙa cikin ruwa ta ƙare musu.

Baba, wanda kullum yakan zo ya zauna a kan jirginsa da ke kife, shi ya fara isowa cikin masunta. Ya tarar an riga shi. Mai Kwalba na cikin ruwa, tana tsince matattun kifi tana sa wa a leda don gwaji. Ta ɗago wani ƙato da hannu biyu, cikinsa cike da ƙwai. Ta tsaya tana kallonsa, sai ta fashe da kuka irin na wanda bai san ana ganinsa ba, tana cewa, "Na makara, wallahi na makara."

Tsohon ya daɗe a tsaye. Duk zatonsa lamba kawai take gani in ta kalli ruwan nan.

"'Yata," ya kira ta.

Ta juyo a firgice tana share fuska da bayan hannu.

"Zai warke?"

"Ban sani ba, Baba. In an tare kwatocin nan, aka rage taki, ina sa rai. Amma zai ɗauki lokaci."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya ga autansa a guje yana tahowa.

"Kai, tsayuwar me kake yi? Je ka karɓo filafilai wajen uwarka. Ba ka ga ruwa na shiga takalmin yarinyar mutane ba?"

Ba a buɗe tafkin ba tukuna ranar da aka ɗaura musu aure. Amma masuntan da suka yi watanni suna haƙa ramukan tare kwata, Baba na gabansu, duk sun zo, har mai shagon nan ya aiko da buhun sukari yana sunkuyar da kai. Yayanta ya iso daga nesa ya tsaya mata. Inna ta rungume amarya tana cewa, "Daga yau kin daina shan shayi a madadin abinci."

Baba ya dafa kawunansu su biyu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai gaskiya irin ta uwarsu. Ya kuma nuna min ranar da zan ɗauki jikana in koya masa jefa koma."

"Amin, Baba," suka amsa tare.