Tashi Ɗaya Ya Rage

"Batirin nan ya tsufa, Yaya. Ni dai na faɗa maka."

Tartsatsi ne ke magana, kansa a cikin bonet. Mai gyaran wutar mota ne, shekara goma sha biyu yana wannan sana'a, ko kaza bai taɓa sata ba. Kura, yayan matarsa, yana zaune a kan tsohuwar taya a bayan garejin, yana goge bindiga da tsumma. Yaran Kura, Dogo da Shiru, suna gefe suna gwada hulunan rufe fuska, suna yi wa juna dariya.

"Tsufa laifi ne?" in ji Kura. "Ni ma na tsufa, ga ni ina aiki."

"Zo ka gani da idonka."

Kura bai motsa ba, amma hakan bai hana Tartsatsi bayani ba, don in aka zo zancen batir ba ya jin kira. Kawunan biyu sun yi farin gari kamar an barbaɗa musu gishiri. Jikin batirin ya ɗan kumbura. Da ya kwance murafun ya leƙa, sai ya tarar ruwan gida biyu ya ƙafe.

"A sayi sabo," in ji shi.

"Ranar aiki zan je in nuna wa mai shago fuskata? Lallaɓa shi."

Ya lallaɓa. Ya fara cire baƙar waya, sannan ja. Ya wanke kawunan da ruwan zafi da kanwa har suka daina kumfa, ya bi su da sanfefa, ya ƙara ruwan batir daidai layi, ya ɗaure tamau, ya shafa giris. Da ya murɗa makulli, motar ta yi nishi sau biyu kafin ta kama.

"Kun ji ko? Tashi ɗaya ya rage mata, shi ne wannan. In aka kashe ta, sai dai mu dawo a ƙafa."

"Mun ji, malam likita," in ji Shiru, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba.

Abin da ke cin Tartsatsi ba batir kaɗai ba ne. Tun ranar da aka kai masa amarya ya rantse mata ba zai taɓa bin yayanta ko nan da ƙofar gida ba, don ta san halin ɗan'uwanta sarai. Amma Kura bakinsa zuma ne. Tuƙi kawai, in ji shi, ba bindiga, ba shiga, kafin azahar kana gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Yau da safe Tartsatsi ya ce mata zai je duba wata mota, kuma burinsa duka ya koma ya ci abincin rana ba tare da ta san komai ba.

Sha biyu saura suka tsaya a gaban shagon mai gwal. Titi cike da mutane, ga mai rake, ga masu babura a inuwa. Dogo da Shiru suka ja huluna suka dira. Kura ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje, sai ya miƙo hannu ya murɗe makullin ya zare.

Motar ta yi tsit.

"Yaya! Me ka yi?"

"Wani direba ya taɓa tafiya ya bar ni a bakin aiki. Tun ranar ba na shiga sai da makulli a aljihuna."

"Ni ne fa, mijin ƙanwarka."

"Shi ma wancan ɗan ƙanwar babata ne."

Ya shige. Ya bar Tartsatsi zaune a mota. Mai hankali da sai ya fita ya kama hanyar gida. Shi kuwa sai ya fita ya ɗaga bonet, ya hau taɓa wayoyi, ko Allah zai sa a dace.

A cikin shago abin bai tafi yadda aka tsara ba. Mai gwal tsoho ne, kunnensa da nauyi.

"Kwanta!"

"Na'am?"

"Makullin akwati, tsoho!"

"Wane akwati, ɗana?"

Yana na'am, yana wane, ƙafarsa na kan maɓallin ƙararrawa. Layi uku daga nan, wani saje yana tsaka da shan shayi aka kira shi. Ya ajiye kofin, ya tattara mutanensa a tsohuwar motarsu.

Ƙarar bindiga, sau ɗaya, a sama. Titi ya watse. Su ukun suka fito a guje, Dogo rungume da jaka. Kura ya bangaje Tartsatsi har ya faɗi zaune a bakin kwata, ya buga bonet, ya faɗa kujerar direba da kansa. Ya murɗa.

Ƙat-ƙat-ƙat.

Ya sake. Ƙat. Shi ke nan.

"Ku tura ta!"

"Otomatik ce, Oga," in ji Shiru, "ba ta tashi da turi."

Kura ne ya zaɓe ta da kansa, wai don ta fi daɗin zama. Jiniya ta karyo kwana. Dogo ya yi gabas, masu babura suka tare shi. Shiru ya ɗaga hannu tun ba a tambaye shi ba. Kura ya ci gudu har bakin wata katanga, a nan tsufan da yake taƙama da shi ya kama shi ta gwiwa.

Tartsatsi fa? Babu wanda ya ko kalle shi da zargi. Mutum ne da rigar aiki duk baƙin mai, an gan shi yana gyara, an ga ɓarayi sun ture shi za su ƙwace mota. Wata dattijuwa har da kakkaɓe masa baya.

"Sannu, bawan Allah. Ba su ji maka ciwo ba ko?"

Ya ce babu komai, Baba. Farin ciki ya kusa sa shi kuka. Ya fara ja da baya a hankali, ya kutsa cikin 'yan kallo, lungu yana gabansa taku goma.

Sai ya ji wani ƙat-ƙat-ƙat a bayansa.

Motar 'yan sanda ce. An loda mutum uku a baya da ankwa, ta ce ba inda za ta. Direbanta ya sauko, ya ɗaga bonet, ya ɗauki dutse ya hau dukan kan batir.

Tartsatsi ya tsaya. Ya ce wa ƙafafunsa su tafi, suka ƙi. An ce hali zanen dutse, kuma shi a duniya babu abin da ya tsana irin ya ga ana dukan batir.

"Haba, ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba. Za ka fasa shi."

"Ka iya ne?" in ji sajen.

Kafin a rufe baki sifana ta fito daga aljihu. Ya kwance, ya kankare, ya ɗaure, yana yi yana faɗa: a riƙa duba ruwa duk wata, a daina barin fitila a kunne, wannan ma in ya kai baɗi an ci sa'a. Direba ya murɗa, mota ta tashi tangaram. 'Yan kallo suka yi tafi.

"Allah ya yi maka albarka," in ji sajen. "Ina garejinka?"

Daga bayan mota aka yi gyaran murya. Kura ya daɗe yana kallon surukinsa a tsaye ba ankwa, ana sa masa albarka.

"Saje, ka tambaye shi wa ya tuƙo mu."

Shekara bakwai alƙali ya ba Tartsatsi daga baya, su Kura ashirin-ashirin, aka sayar da kayan garejin. Amma duk wannan bai yi masa ciwo kamar tafiyar ranar ba. Sajen, da yake mutum ne mai kunya, ya ba shi aron waya a hanya. Bugu ɗaya matarsa ta ɗauka.

"Kana ina ne? Abinci har ya huce. Na ji ana cewa an kama su Yaya, na ce Allah na gode maka da nawa ba ya bin sa."

Tartsatsi ya dubi ankwar da ta haɗa hannunsa da na Kura.

"Ki ci kawai," in ji shi. "Kada ki jira ni."