Hoton Gwiwar Sharafaddeen

Watan Disamba ne na 1996, sojoji masu bore sun tare rabin Bangui. Likitan kamfanin inshora da kansa ya kawo ƙara gaban Sufeto Nasidi a unguwar Kilomita Biyar.

"Tela ne, Sharafaddeen. Ya ce motar katako ta take masa gwiwa. Na zo auna nakasarsa, ga abin da ya miƙo mini."

Nasidi ya ɗaga hoton ƙashin ya duba. Ɓarɓashin ƙarfe uku a gwiwa. An yanke kusurwar da ake rubuta suna.

"Harsashi ne wannan," in ji likita. "Inshora ba ta biyan raunin yaƙi. Alhamis zan rufe fayil, in rubuta zamba."

A gidansa na unguwar Kokoro, Sharafaddeen ya naɗe wando a gaban Nasidi. Tabon ɗinki ne dogo, babu ramin harsashi.

"Wallahi ba ƙafata ba ce a hoton nan, yallaɓai. Kashi arba'in cikin ɗari na diyya aka ce zan samu. Ƙafar da nake taka keken ɗinki da ita ce."

"A sake ɗauka mana."

"A ina? Asibitin yana bayan shingen sojoji."

"Wa ya taɓa ambulan ɗin da hoton yake ciki?"

"Babu kowa."

Matarsa Zaituna ta yi tsaki daga bakin ƙofa. "Babu kowa? Da harbi ya yi tsanani, ba unguwar Yakite muka kai takardu ajiya ba, wajen Sha'aibu mai akwatin ƙarfe?"

"Ke, Sha'aibu amini ne! Tare muka koyi ɗinki."

Nasidi ya tarar da Sha'aibu a shago, sandar dogarawa jingine da keken ɗinkin da ƙura ta rufe.

"Ƙafar fa?"

"Babur ne ya kayar da ni."

"An ɗauki hoto?"

"Ina na ga wannan gatan?"

"Naɗe wandon."

Sha'aibu ya daɗe kafin ya naɗe. Tabo ne zagayayye kamar kwabo, wani ya fi shi faɗi ta baya.

"Baburan Yakite sun fara harbi ke nan," in ji Nasidi.

Ya leƙa ɗakin baya. Gilashin taga ya fashe, an toshe gurbin da wata baƙar leda mai kauri. Rana na ratsa ta. Ashe hoton ƙashi ne, gwiwa a farfashe, da sunan Sharafaddeen a kusurwa.

"Ban iya ƙonawa ba," in ji Sha'aibu a bayansa.

"Don me ka musanya?"

"Mako ɗaya muka faɗi, yallaɓai. Ƙafa ɗaya, ta dama. Shi ana zuwa da tef ana auna masa, ana lanƙwasa gwiwa ana rubutawa. Kullum sai ya zo nan yana ce mini arba'in, arba'in. Ni na fita sayen zare aka harbe ni. Wa ya auna tawa? So nake a gaya masa abin da aka gaya mini, cewa ba a biyan raunin yaƙi."

Nasidi ya ɓamɓare hoton a hankali, ya ba kofur ɗin da ke tare da shi don a kai wa likita.

"Mu je," ya ce wa Sha'aibu.

Kofur ya ciro ankwa. Nasidi ya girgiza kai, don hannun da zai riƙe sanda ne.

A bakin titi Sha'aibu ya tsaya.

"Yallaɓai, likitan nan ya ga nawa hoton. Kashi nawa ya ce?"

"Bai ce ba."