Gyaran Baba Himadu

A taron malamai na garin Dosso ne Tinni ya fara ganin Gambina, tana ta fama da injin buga takarda. Da ya matso don ya taimaka, sai ya ga darasin lissafinsa ne, wanda ya saka a intanet kyauta. Ta mayar da shi Zabarmanci, ta cire tuffa ta sa kifi.

"Wa ya ba ki izinin taɓa min darasi?"

"Kai ka rubuta kowa ya gyara. Yaranmu ina suka san tuffa?"

Shi ke nan, Tinni ya kamu. Kullum da safe saƙonsa ke riga shayi isowa: "Malamata, kin tashi lafiya? Allona cike yake da lissafi, amma kaina ke ce kawai a ciki."

Sai dai mahaifinta, Baba Himadu, tsohon sufeton makarantu, ya ce atafau ba zai ba da 'yarsa ga malamin waya ba. Wanda kowa ke sa wa aikinsa hannu ai ba malami ba ne. Ga wani jami'in kwastan yana ta zarya a gidan. Gambina ta yi kuka har ta gaji.

Ranar Talata tsohon ya faɗa ajin Tinni ba sanarwa, ya zauna a baya kamar zamanin aikinsa. Ya kuwa samu abin da ya zo nema: kuskure a tambaya ta bakwai. Ya miƙe ya faɗa a gaban ɗalibai, yana jiran ya ga an daburce.

Tinni ya yi godiya, ya gyara a allo, ya saka gyaran a intanet da sunan Baba Himadu.

Kafin Juma'a malamai daga Gaya har Filinge sun sauke gyaran a wayoyinsu. Wasunsu ma tsofaffin ɗaliban Baba ne, suka yi ta aiko gaisuwa. Gambina na karanta masa, shi kuma yana fifita, wai ba ya saurare, alhali alfahari ya cika shi fal.

"'Yar nan, ki ce wa yaron ya turo manyansa," ya ce. "Kuma tambaya ta takwas ma da sauran magana."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Baba Himadu ya dafa kawunansu, ya ce: "Na ba ka ita, malam. Allah ya sanya albarka."